Mudu da Hukunci: Mizanin Sauƙaƙa Shafukan Intanet ga Naƙasassu da Matsayinsa a Gaban Doka



1.0 Gabatarwa

A zamanin da, duk wanda yake da wata buƙata wajen hukuma tattaki yake yi har ofis, ya sami akawu, ya faɗi abin da ke tafe da shi. In makaho ne, ɗan jagora ya kai shi. In kurma ne, a nemo wanda ya san maganar hannu ya yi tafinta. Yau kuwa ƙofar ofis ta koma cikin waya da kwamfuta. Rajistar jarrabawar JAMB, da neman aikin gwamnati, da neman rancen karatu, da tura kuɗi ta banki, duk ta shafukan intanet ake bi. Wannan sabuwar ƙofa ita ma tana da dokin ƙofa, sai dai ba da ido ake ganinsa ba. Mai gani da ji da lafiyar hannu yakan tsallake shi bai ma sani ba, amma naƙasasshe a nan yake tuntuɓe.

Manufar wannan lacca ita ce amsa tambayoyi uku. Na farko, da wane mizani ake auna shafi a ce naƙasasshe zai iya amfani da shi? Na biyu, in shafi ya cika mizanin, shin mai shi ya bi doka ke nan? Na uku, me wannan ya ƙunsa ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina? Amsar da za a kare a taƙaice ita ce: mizani mudu ne, doka kuwa hukunci ce. Mudu ba ya tilasta kowa sai hukuma ta ce da shi za a auna, kuma cikar mudu ba ita ce ƙoshin mai saye ba.

2.0 Dalilin zaɓen wannan yanki

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa uku ne daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, kuma suna cikin waɗanda ake kira na bakin daga saboda matsalar 'yan bindiga. Faskari tana iyaka da Jihar Zamfara ta wajen Yankara, Sabuwa kuma tana iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙanƙara kuwa duniya ta ji sunanta ranar 11 ga Disamba 1920 da ɗoriyar shekara ɗari, watau 2020, sa'ad da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, aka sako su bayan kwana shida.

A irin wannan wuri tafiya zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko birnin Katsina don sa hannu a takarda ɗaya ba ƙaramin al'amari ba ne. Akwai kuɗin mota, akwai haɗarin hanya, ga naƙasasshe kuma akwai kuɗin ɗan rakiya. Saboda haka shafin intanet ya fi amfani ga mutumin Sabuwa a kan mutumin da ke zaune kusa da sakatariya. Bugu da ƙari, rikicin kansa yana haifar da naƙasa, domin harsashi yakan raba mutum da ƙafa ko hannu ko ido. An kuma ga yadda jama'a suka dogara ga waya a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, ciniki da tura kuɗi da jin labarin 'yan'uwa suka tsaya cik na tsawon watanni. Abin da kowa ya ɗanɗana a lokacin, shi makaho yake ɗanɗana kullum a gaban shafin da ba a gina shi da tunaninsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. Ashe ke nan ba maganar 'yan tsiraru ake yi ba.

3.0 Asalin mizanin

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce take tsara ƙa'idojin gina shafukan intanet. A 1999 ta fitar da kundin farko na ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga naƙasassu, wanda aka fi sani da WCAG. Bugu na 2.0 ya fito a Disamba 2008, na 2.1 a Yuni 2018, na 2.2 kuma a Oktoba 2023. Bugu na 2.0 ya sami karɓuwa a matsayin mizanin ƙasa da ƙasa a 2012 da lamba ISO/IEC 40500.

An gina kundin a kan ginshiƙai huɗu. Na ɗaya, abin da ke shafi ya zama mutum zai iya riskarsa, ko da ido ko da kunne ko da taɓawa. Na biyu, ya iya sarrafa shafin, ko da hannu ɗaya ne, ko da madannai kawai. Na uku, ya fahimci abin da aka rubuta da abin da ake so ya yi. Na huɗu, shafin ya yi aiki da na'urorin taimako, kamar manhajar da take karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya. A ƙarƙashin waɗannan ginshiƙai akwai sharuɗɗa da za a iya gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Bugu na 2.0 yana da sharaɗi 61, na 2.1 ya kai 78, na 2.2 kuma 86.

4.0 Matakai uku

An kasa sharuɗɗan zuwa mataki uku: A, da AA, da AAA.

Matakin A shi ne ƙasan tudu. Wanda ya kasa cika shi ya rufe wa wasu ƙofa ruf. A nan ne aka ce kowane hoto mai ɗauke da ma'ana ya sami bayani a rubuce, domin manhajar makaho rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. A nan ne aka ce a iya yin komai da madannai, a sa rubutun magana a ƙasan bidiyon da aka naɗa saboda kurame, a bai wa mutum damar ƙara lokaci in shafi yana da wa'adi, kuma kada wani abu ya riƙa walƙiya fiye da sau uku cikin daƙiƙa ɗaya ta hanyar da za ta tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Matakin AA ya ƙunshi dukan na A, sa'an nan ya ƙara. Alal misali, bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, don mai raunin gani ya iya karantawa. A iya ƙara girman rubutu har ninki biyu ba tare da wani abu ya ɓace ba. Shafi ya daidaita a kan ƙaramin allon waya. Kada a mayar da rubutu hoto alhali ana iya buga shi a matsayin rubutu. In mutum ya yi kuskure wajen cika fam da ya shafi kuɗi ko alkawari na shari'a, a ba shi hanyar dubawa ko gyarawa.

Matakin AAA shi ne ƙololuwa. Bambancin haske ya kai 7 bisa 1, bidiyo ya zo da tafintan maganar hannu, rubutu mai wuya kuma ya sami sassauƙan bayani da mai ilmin ƙaramar sakandare zai gane. Ita kanta W3C ba ta ba da shawarar a wajabta AAA a kan dukan shafukan wata ma'aikata ba, domin akwai abubuwan da ba zai yiwu su cika dukan sharuɗɗansa ba.

Akwai ƙa'idoji biyu na awo da ya kamata ma'aikaci ya riƙe. Ta farko, ba a cin rabin mataki: shafin da ya cika komai na AA amma ya faɗi sharaɗi ɗaya na A, to bai kai ko A ba. Ta biyu, ana auna aiki ne daga farkonsa har ƙarshensa. In neman aiki yana da shafi biyar, huɗu sun yi kyau, na biyar inda ake danna "aika" bai yi ba, to duka biyar ɗin sun faɗi. Hikimar wannan a fili take, domin gadar da ta rage taku ɗaya ta kai gaɓa ba ta ƙetarar da kowa ba.

5.0 Inda mudu ya haɗu da hukunci

W3C ba majalisa ba ce, ba ta da kotu, ba ta da ɗan sanda. Kundinta shawara ce ta masana. Misalinsa kamar mudu ne a kasuwar Sheme ko ta Dandume: maƙeri ne ya ƙera shi, amma ba maƙeri ne zai hukunta mai tauye awo ba. Ƙasashen duniya sun bi hanya biyu wajen ɗaura wannan mudu da doka.

Hanya ta farko ita ce doka ta ambaci matakin da sunansa. A Amurka, ƙa'idar da ta fara aiki a Janairu 2018 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya WCAG 2.0 matakin AA, sa'an nan a Afrilu 2024 Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar da ta ɗora wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi WCAG 2.1 matakin AA. Tarayyar Turai ta yi umarni a 2016 game da shafukan hukumomin gwamnati, ta jingina shi ga mizaninta mai lamba EN 301 549, wanda ya ɗauki matakin AA. Wata dokar tata ta 2019, wadda ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025, ta shigo da bankuna da masu ciniki ta intanet. Lardin Ontario na Kanada shi ma AA ya zaɓa. Abin lura, duk waɗannan a kan AA suka tsaya.

Hanya ta biyu ita ce doka ta haramta wariya kawai, ba ta ambaci wani mizani ba, sai alƙali ya ɗauko mizanin a matsayin shaida ko magani. A Ostareliya a 2000, wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olamfik na Sidini saboda shafinsu bai karantu gare shi ba, ya yi nasara, aka ba shi diyyar dalar ƙasar 20,000. A Amurka, Guillermo Robles ya kai ƙarar kamfanin Domino's a ƙarƙashin dokar naƙasassu ta 1990. Kamfanin ya ce gwamnati ba ta fitar da wata ƙa'ida game da shafuka ba, don haka bai san abin da ake so ya yi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan hujja a Janairu 2019, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin a Oktoba na shekarar. Darasin shi ne, shirun doka game da mudu bai ɗauke wa mai awo alhakin tauyewa ba.

Daga nan za a iya fitar da hukunci uku. Cika matakin A kaɗai ba ya wadatarwa a ƙasashen da suka ambaci mizani. Matakin AAA ba a wajabta shi gaba ɗaya. Cika AA kuwa hujja ce mai ƙarfi, amma ba laya ba ce, domin doka haƙƙin mutum take karewa, kuma tana iya neman ƙari a kan mizani, kamar sanarwar da Turai take bukata kowace hukuma ta buga game da halin shafinta, da hanyar kai kuka. Masu sayar da laya ma sun bayyana: a Janairu 2025 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sanar da cewa wani kamfani zai biya dala miliyan 1 saboda da'awar cewa manhajarsa tana mayar da kowane shafi mai cika mizani da kanta.

6.0 Matsayin Nijeriya

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci naƙasa da sunanta ba. Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Haƙƙoƙin Naƙasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa har da intanet. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haramta Wariya ga Naƙasassu ta 2018. Dokar ta hana kowane mutum ko hukuma nuna wa naƙasasshe wariya ta kowace fuska. Ta yanka tarar Naira miliyan 1 ga kamfani, Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutum, ta kuma bai wa wanda aka zalunta damar kai ƙara da kansa. Ta keɓe kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati ga naƙasassu, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairu 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa.

To amma wanda ya karanta dokar zai ga cewa hankalinta ya fi karkata ga gini da mota da hanya: gangaren keken guragu, na'urar hawa bene, wurin ajiye mota. Ba ta ambaci WCAG ba, balle wani mataki nasa. Ke nan Nijeriya tana kan hanya ta biyu. Akwai hukunci, amma dokar ba ta ajiye mudu ba.

Wannan giɓi yana cutar ɓangarori uku. A ɗauka ga wani makaho a Faskari mai takardar NCE, an buɗe shafin ɗaukar malamai, amma fam ɗin yana neman ya kwafi haruffan da ke cikin wani hoto kafin ya wuce, babu wata hanya ta murya. Doka ta keɓe masa gurbi, shafi ya hana shi isa gurbin. Ya cutu. Ma'aikacin da ya ba da kwangilar shafin shi ma ya cutu, domin ba a faɗa masa abin da zai rubuta a takardar kwangila ba, alhali ana iya tuhumar ma'aikatarsa da wariya. Alƙali kuma an bar shi babu ma'auni a hannu. Majalisa ta nuna tana iya fayyacewa in ta so, domin Dokar Zaɓe ta 2022 ta ambaci rubutun makafi da manyan haruffa da maganar hannu da sunayensu.

7.0 Abin da mudu bai auna ba

Ko da an wajabta AA gobe, akwai abubuwan da za su rage a wannan yanki.

Na farko, harshe. Mizanin ya ce a nuna wa na'ura harshen da aka rubuta shafi da shi, kuma alamar Hausa ita ce "ha". Bai ce a fassara ba. Shafin Turanci zalla yana iya cika AA tsaf, amma manomin Sabuwa mai raunin gani bai amfana da kome ba. Sauƙin rubutu ma a matakin AAA aka ajiye shi.

Na biyu, maganar hannu. Ita ma tana AAA. Kurman da bai yi boko mai zurfi ba, rubutun ƙasan bidiyo ba ya yi masa amfani. Daɗin daɗawa, Hausawa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, kuma ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga ta Amurka. Tafinta a kusurwar allo sai an tambaya: da wace yake magana?

Na uku, abin da ke wajen shafi. Mizanin bai auna ƙarfin sabis ba, bai auna tsadar data ba, bai kuma shafi lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya don tura kuɗi ba. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu, in tsari ya dage sai da hoton yatsa, babu matakin WCAG da zai cece shi.

Na huɗu, al'adar ofis. Sau da yawa akan buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a ɗauki hotonta da waya, a liƙa a shafi ko a Facebook. Ga makaho wannan daidai yake da bango fari. Gyaransa kuwa ba ya cin ko kwabo: a buga rubutun a gefen hoton, da haruffa masu ƙugiya na ainihi, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda kowace waya ta zamani take iya bugawa.

8.0 Shawarwari

Na ɗaya, duk wata doka ko ƙa'ida da tarayya ko jiha za ta yi ko za ta gyara game da naƙasassu, ta ambaci matakin AA a fili, tare da bugun da ake nufi da ranar fara aiki. Hukumar NITDA, wadda dokarta ta 2007 ta ba ta ikon tsara mizanan fasahar sadarwa, da Hukumar Kula da Naƙasassu, su ne ya kamata su ja gaba.

Na biyu, ma'aikaci ba sai ya jira majalisa ba. Kowane babban sakatare ko daraktan mulki na ƙaramar hukuma yana iya sa sharaɗin AA cikin takardar kwangila, ya ce ba za a biya kashin ƙarshe ba sai an gwada. Gina gangare tun ana aza tubali ya fi sauƙi a kan fasa bene daga baya.

Na uku, a ɗora wa AA ƙari biyu na gida: fassarar Hausa mai sauƙi ga duk shafin da ya shafi talakawa, da wata hanya ta dabam, ko waya ko teburi a sakatariyar ƙaramar hukuma, ga wanda shafi ya gagara.

Na huɗu, gwaji da mutane. Na'urar gwaji wani ɓangare kawai na kurakurai take kamawa. Ƙasar Hausa tana da tsohon tsari na Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ga kuma ƙungiyoyin naƙasassu na zamani, da makarantar makafi ta Katsina da ta kurame ta Malumfashi. Waɗannan su ne masu awon gaskiya, a gayyace su, a kuma biya su ladan aikinsu.

Na biyar, ga ɗalibai. Masu nazarin kwamfuta su koyi sharuɗɗan tun daga ajin farko. Masu nazarin shari'a su bincika yadda sashen hana wariya zai hau kan shafin intanet. Masu nazarin Hausa kuwa aiki yana jiransu wajen samar da kalmomi da fassara da muryar na'ura mai furta Hausa da karin sautinta daidai.

9.0 Kammalawa

An nuna cewa matakan A da AA da AAA awo ne na masana, kuma ba sa zama wajibi sai doka ko kwangila ko alƙali ya ɗauke su. An nuna cewa ƙasashen da suka ambaci mataki a kan AA suka tsaya, kuma waɗanda ba su ambata ba kotunansu ba su karɓi uzurin rashin sani ba. Dokar Nijeriya ta 2018 ta ba naƙasasshe haƙƙi, ta bar ma'auni a buɗe. Aikin da ya rage shi ne a ajiye mudu a tsakiyar kasuwa kowa ya gan shi, sa'an nan a tuna cewa manufar awo ita ce hatsi ya isa gida. Ranar da makaho a Faskari, da kurma a Ƙanƙara, da gurgu a Sabuwa za su cika fam ɗin gwamnati da kansu, ba tare da sun miƙa wa wani lambar sirrinsu ba, ranar ce za a ce an bi doka.